Taku biyun da Lansilot ya yi kafin ya hau amalanke

Mai Karatun Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya, kuma ku yi haƙuri da tsawonta, don in ban kawo labarin ba ba za ku gane inda ya tsaya mini a wuya ba.

Sati uku ke nan ina karanta fassarar wani tsohon labarin Faransa da Chrétien de Troyes ya rubuta a waƙe wajen shekarar 1180, labarin Lansilot, barden amalanke. Da daddare nake karantawa bayan yara sun yi barci, shafi goma ko sha biyar, wata rana har littafin ya faɗo mini a fuska.

Wani ɗan sarki mai suna Meleagant ne ya tafi da Gwinibiya, matar Sarki Arta. Wani barde ya bi sawu, ya yi ta sukuwa har dokinsa ya faɗi matacce, ya ari wani a wurin Gawen, wani barden Sarki Arta, shi ma ya rasa shi. Sai ga shi a ƙasa, cikin sulke da kwalkwali, yana ta sauri da ƙafa. Ya ci karo da wani wada yana tuƙa amalanke, ya tambaye shi labarin sarauniya. Wada ya ce in yana son ya sani, ya hau. A nan marubucin ya dakata ya yi bayani: a zamanin, amalanke ta masu laifi ce. Ɓarawo da mai kisan kai da maci amana, su ake ɗorawa a zaga gari da su. Wanda ya hau ta sau ɗaya mutuncinsa ya zube, ba a ƙara sauraronsa a fada. Barden ya yi jim na tsawon taku biyu, hankali na ce masa kul, so na ce masa hau, sannan ya yi tsalle ya haye. Da Gawen ya iso aka yi masa tayi, ya ce shi bai haukace ba da zai bar doki ya hau amalanke.

Daga nan wahala iri-iri. Duk garin da ya shiga sai a yi ta yi masa ature da baki. Ya zo wata gada wadda takobi ce tsirara a shimfiɗe bisa ruwa, ya tuɓe sulken hannu da na ƙafa ya rarrafa a kan kaifinta, ya isa ƙetare jina-jina. Ya yi faɗa da Meleagant ya fi ƙarfinsa. Aka kai shi gaban sarauniya, ni kuwa har na gyara kwanciya ina jiran ta yi masa sannu. Sai ta murtuke fuska, ta ce ba ta da abin da za ta ce masa, ta shige ɗaki.

Shi a zatonsa don ya hau amalanke ne. Ni ma haka na zata. Ashe ba haka ba ne. Da suka shirya daga baya ya tambaye ta laifinsa, sai ta ce ai ka ji kunyar amalanken, ka yi jinkirin taku biyu kafin ka hau. Shi kuma maimakon ya ce haba, sai ya amsa laifi ya nemi gafara.

Na rufe littafin na zauna shiru. Tambayoyina biyu ne. Na farko, wane irin so ne wannan da zai ƙirga wa mutum taku biyu, ya manta da dawakai biyu da jinin tafin hannu? Na biyu, kuma shi ya fi damuna: matar ubangidansa ce fa. A daren da suka shirya ya lanƙwasa ƙarafan taga ya shiga wurinta. To ta yaya littafin, da duk waɗanda suka biyo bayansa, suke kiran wannan mutumin barden da ya fi kowa daraja a duniya? Ko dai akwai abin da suke nufi da mutunci wanda ni ban gane ba?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin faɗa daidai wurin da masana suka fi shekara ɗari suna gardama a kai. Sunan ma da ake ba irin wannan soyayya a yau, wato soyayyar fada, wani masani Bafaranshe Gaston Paris ne ya yaɗa shi a 1883, kuma a kan wannan labarin na amalanke ya yi rubutun. Su mawaƙan kudancin Faransa na lokacin, kalmar da suke amfani da ita ma'anarta tataccen so ce.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ke buɗe ta farko.

Barde a ƙarni na 12 bara ne. Yakan durƙusa gaban ubangidansa, ya sa hannuwansa biyu cikin na ubangidan, ya yi caffa, ya rantse zai bi shi yaƙi. Shi kuma ubangida ya ba shi doki da makami, in ya yi sa'a ya ba shi ƙasa. Kalmar da suke faɗa wadda ake fassara mana da mutunci, a Faransancin lokacin har ƙasar da aka ba mutum tana nufi. Abu ne da ake gani da ido: wurin zamanka a fada, abin da masu shela ke faɗa a kanka a filin gasa, ko mutane za su tashi in ka shigo. Kishiyarsa ita ce kunya a bainar jama'a. Zunubin da ke tsakaninka da Ubangiji lissafi ne dabam, na limaman coci. Shi ya sa amalanke, wadda hawanta ba zunubi ba ne ko kaɗan, ta fi ƙarafan taga hatsari ga Lansilot. Amalanke da rana tsaka aka yi ta kowa na kallo, taga kuwa cikin dare.

To abin da mawaƙan suka yi shi ne suka ɗauki wannan tsarin barantaka ɗungurungum suka juya shi wajen mace. Masoyi ya zama bara, ita ta zama ubangida. Har suna kiranta da wata kalma mai ma'anar "ubangidana", ta namiji. Bara kuwa in an kira shi ba ya tsayawa lissafi. Abin da sarauniya ke cewa shi ne: a cikin takun nan biyu ka ɗora ni a ma'auni ɗaya da sunanka, ka tsaya kana dubawa wanne ya fi nauyi. Dawakai da jini duk barde zai iya bayarwa, kuma suna ƙara masa suna. Amalanke ce kaɗai ta nemi ya ba da sunan kansa.

Ban san ko kin kai wurin gasar ba. In ba ki kai ba ki yi haƙuri zan ɓata miki. A wata gasa ya shigo a ɓoye, sarauniya ta so ta tabbatar ko shi ne, sai ta aika yarinya ta ce masa ya yi mafi munin abin da zai iya. Nan take ya fara kuskure mashi, yana gudun abokan karawa, 'yan kallo na ta dariya. Washegari ta sake aika masa haka, ya ce godiya yake. Sai a lokacin ta ce to ya yi bajinta, ya share filin. A nan babu taku biyu, ya koyi darasi.

Amma kada ki ɗauka Chrétien ya yarda da wannan duka. A buɗe littafin ya faɗa ƙarara cewa uwar ɗakinsa, Mariya ta Champagne, ɗiyar Sarki Luwi na 7 da Eleanor ta Aquitaine, ita ta ba shi jigon labarin da ma'anarsa, shi aikinsa kawai ya rubuta. Kuma bai ƙarasa ba. Ya bar Lansilot a kulle cikin hasumiya ya miƙa wa wani mai suna Godefroi de Leigni ya ƙarasa. Ni dai duk lokacin da na karanta wurin da Lansilot ya tsinci matajin sarauniya da 'yan silin gashinta har ya kusa faɗowa daga doki, ko wurin da ya juya wa abokin faɗa baya yana kai sara ta baya don kada ya ɗauke ido daga tagarta, sai in ji kamar marubucin yana murmushi ƙasa-ƙasa. Wasu masana ba su yarda da ni ba, suna ganin da gaske yake yi.

Abin da ya sa nake zargin haka shi ne sauran littattafansa. A Erek da Enida, wanda ya riga wannan da kusan shekara goma, mata da miji ne. Erek ya auri Enida, so ya kwashe shi, ya daina fita gasa, sai rana ta take yake tashi daga shimfiɗa. Barade suka fara gulma cewa ya zama rago. Ita ta ji, tana kuka tana magana ita kaɗai a zatonta barci yake yi, ashe ya ji. Ya ce ta sa mafi kyawun tufafinta ta hau doki ta wuce gaba, kuma kada ta kuskura ta yi masa magana. A labarin Iben mai zaki kuma akasin haka ne. Ya auri Laudine, Gawen ya zuga shi cewa kada aure ya mai da shi ɗan zaman ɗaki, matar ta ba shi shekara guda ya je gasa ya dawo, ta ba shi zobe. Daɗin nasara ya ɗauke shi har wa'adi ya wuce. Ta aiko jakadiya ta kira shi maƙaryaci maci amana a gaban fada, ta zare zoben daga yatsansa. Ya haukace, ya yage tufafinsa ya shiga daji yana cin ɗanyen nama. Ɗaya ya saki suna saboda mata, ɗaya ya saki mata saboda suna, kuma dukansu sai da suka sha wuya kafin su gyara. Mutumin da ya rubuta waɗannan biyun, da wuya a ce zuciyarsa na tare da barden da ke shiga ta taga.

Ba Na Ɓoye Gaskiya ya amsa:

Baba Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni bayanin nan bai wanke kowa ba a wurina. In mutunci shi ne abin da ido ya gani kawai, to sunansa wayo.

Malama ba ta faɗi abin da ya biyo bayan tagar ba. Ƙarfen ya yanke masa yatsa bai ma sani ba, jini ya ɓata zanin gadon sarauniya. Da safe Meleagant ya gani, ya ce Kay ne, wani barden Arta, don Kay na kwance a ɗakin da raunuka. Sarauniya ta ce haɓo ta yi. Sai Lansilot ya fito ya rantse da kayan tsarki na coci cewa Kay bai taɓa ta ba, ya ɗau takobi zai kare rantsuwar. Gaskiya ya faɗa, Kay bai taɓa ta ba. Mai jinin ne ke rantsuwar.

Irin wannan ta sake faruwa a labarin Tiristan, wanda ma ya fi muni don Sarki Mak kawunsa ne, ɗan'uwan mahaifiyarsa, kuma shi ya aike shi ya ɗauko masa amarya, Isolda, daga Ailan. A rubutun mawaƙi Béroul, da aka matsa wa Isolda ta yi rantsuwa a gaban Sarki Arta da jama'a, sai ta shirya da Tiristan ya yi shigar kuturu ya zauna a bakin wani mashigi mai taɓo yana bara. Ta iso ta ce kuturu ya goya ta ya ƙetarar da ita, kowa na kallo ana dariya. Sannan ta ɗaga hannu ta rantse cewa babu namijin da ya taɓa shiga tsakanin ƙafafunta sai mijinta da kuturun nan da kowa ya gani. Aka ce ta wanku. Kuma marubucin yana gefenta! Fadawan nan uku da suka tona asirin, waɗanda gaskiya suka faɗa wa sarkinsu, su ne yake tsinewa.

Za a ce ai maganin so suka sha bisa kuskure a jirgi, ba laifinsu ba ne. To a wurin Béroul ɗin, ƙarfin maganin shekara uku ne, ya ƙare, kuma ba su daina ba.

Ko a zamanin ma ba kowa ya haɗiye ba. Dante, mawaƙin Italiya, ya sa wasu masoya, Paolo da Francesca, a cikin wutar lahira a waƙarsa, kuma da aka tambayi Francesca mafarin abin sai ta ce labarin Lansilot suke karantawa tare, suka kai wurin sumba, ranar ba su ƙara karatu ba.

Mai Karatun Dare ta sake rubutawa:

Baba, na gode ƙwarai. Maganar cewa dawakai da jini suna ƙara masa suna, amalanke ce kaɗai ta rage masa, ita ta warware mini. Na koma na duba, sai na lura da wani abu da ya wuce ni da farko: har kusan tsakiyar littafin ba a faɗi sunansa ba. Barden amalanke kawai ake ce masa, wato da abin kunyar ake kiransa. Kuma wadda ta fara furta "Lansilot" ita ce sarauniyar, daga saman taga, lokacin da wata budurwa ta tambaye ta wane ne wancan da ke faɗa saboda ita. Kamar dai ya jinginar da sunan a wurinta, ita ce mai mayar masa.

Malam Ba Na Ɓoye Gaskiya, ni ma wurin jinin nan ya ɓata mini rai, don Kay bawan Allah yana kwance da ciwonsa aka nemi a rataya masa. Amma in yi maka adalci in yi wa sarauniyar: tsakanin fushin da shiryawar, labari ya iso mata cewa an kashe Lansilot. Ta daina ci da sha, tana cewa ita ta kashe shi da ta hana shi magana, kuma wai da wasa ta yi. Wannan kalmar ta wasa ta tsaya mini. Ashe ita kanta ba ta ɗauki dokar taku biyun da nauyin da shi ya ɗauke ta ba.

Abin da har yanzu ban gane ba shi ne Sarki Arta. Yana ina duk wannan? Kuma mazajen da ake rera wa wannan a fadarsu, da matansu a zaune, yaya suka ji?

Anti Mai Gilashi ta amsa:

Ƙanwata, in Arta kike nema, ki bar Chrétien ki je wurin Thomas Malory. Shi Bature ne na Ingila, a kurkuku ya harhaɗa labaran, ya gama wajen 1470, maɗaba'i Caxton ya buga a 1485. Shekara ɗari uku ke nan bayan amalanke, kuma a wurinsa ne bashin ya zo biya.

Malory ya nuna cewa sarki ya daɗe da zargi, amma ba ya son a tayar da maganar, saboda abin da Lansilot ya yi masa na alheri da kuma ƙaunar da yake masa. Muddin ba a furta ba, fada na zaune lafiya. Wasu baraden fadar, Agraben da Modred, ne suka faɗa a fili, suka ɗebi barade sha biyu suka ritsa shi a ɗakin sarauniya. Daga lokacin da magana ta fita, Arta ba shi da zaɓi, doka ta ce a ƙona ta. Lansilot ma ba shi da zaɓi, don in ya bari aka ƙona mace saboda shi, ya gama zama barde. Ya zo ya ƙwace ta daga bakin wuta, cikin turmutsitsin ya sare Gareth da Gaheris, ƙannen Gawen, waɗanda suka zo ba sulke don ba da son ransu suka zo ba. Gareth kuwa Lansilot ne da hannunsa ya naɗa shi barde. Shi ke nan Gawen ma ba shi da zaɓi, jinin 'yan'uwa ne. Kowa a cikinsu yana bin abin da mutunci ya ce ya yi, a haka suka rushe masarautar.

Akwai wata magana da Malory ya sa a bakin Arta da ba na mantawa. Ya ce rashin baradensa ya fi masa ciwo a kan rashin sarauniya, don sarauniya zai iya samun wasu, amma taron barade irin wannan ba zai sake haɗuwa ba. Ranar da na fara karanta wurin sai da na cire gilashi na goge. Duk durƙuson da ake yi wa mace a waƙoƙin nan, ga farashinta a bakin mijinta.

Shi ya sa ni ba Gwinibiya ce tawa ba, Enida ce. Baba Malam ya tsaya a inda aka ce ta yi shiru. Abin da ya biyo baya shi ne, tana gaba, ita ke fara hango 'yan fashi. In ta yi shiru za a kashe shi, in ta yi magana ta karya umarninsa. Kowane karo sai ta yi ta jayayya da kanta, sannan ta juyo ta faɗa masa, ya yi mata faɗa, ya kashe maharan, ya ba ta dawakansu ta ja. Ita ma tana da nata taku biyun, sai dai nata kullum a kan saɓa masa suke ƙarewa, kuma da haka ta tsirar da shi.

Ga mai neman inda aka auna mutunci ba tare da idon jama'a ba, akwai labarin Gawen da Koren Barde, na ƙarshen ƙarni na 14, wanda kwafi ɗaya tak na rubutun hannu ya rage a duniya. Kwana uku matar mai masaukinsa na shigo masa ɗaki da sassafe mijin na farauta. In ya kore ta da kaushi ya saɓa ladabin barde ga mace, in ya biye mata ya ci amanar mai gida. Ya yi ta zillewa da daɗin baki. Inda ya faɗi ba wurin sha'awa ba ne, wurin tsoron mutuwa ne, don ya yi alkawarin miƙa wa Koren Barde wuya ya sara: ta ba shi koriyar ɗamara wai mai ɗaure da ita ba ya kasuwa, ya karɓa ya ɓoye, alhali sun yi alkawari da mijin duk abin da ya samu a gida zai miƙa. Sakamakonsa ɗan ƙwarzane a wuya. Ya koma fada yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige, ya ce zai ɗaura ɗamarar har abada alamar kunyarsa. Fadawa suka yi dariya, kowa ya samo koren ƙyalle ya rataya, ta zama ado.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Hajiya ta gama magana a kan Arta, ba ni da ƙari. Malam mai gaskiya kuma, ban ce na wanke kowa ba, na faɗi ma'aunin da suke awo da shi ne. Su kansu sun dawo sun yi hukunci: a labarin neman Kofi Mai Tsarki, wani kofi mai alfarma a wurin Kiristoci da baraden Arta suka fita nema, na wajen 1225, Lansilot ya kasa kaiwa saboda sarauniya, ɗansa Galahad ne ya kai. Haka wani marubucin zamanin, Andreas Capellanus, wanda ya tsara dokokin so guda 31, har ya sa a bakin Mariya ta Champagne wani hukunci mai kwanan wata 1174 cewa so ba ya zama tsakanin mata da miji, shi ne kuma a kashi na uku na littafin ya juya ya ce a guje wa abin gaba ɗaya. Wanda ya karanta Ɗauƙul Hamama na Ibn Hazm na Andalus, da aka rubuta wajen 1022, zai ga babin biyayya ga masoyi da na ɓoye sirri da na mai sa ido da na annamimi, sannan ya rufe da munin saɓo da falalar kamewa. Ko mawaƙan Faransa daga can suka ɗebo, masana sun rabu biyu har yau.

Saura tambayarki ta mazajen da ke saurare, 'yata. Ki tuna su wa suka cika fadar. A manyan gidajen arewacin Faransa gado na babban ɗa ne, ƙanne sai a sallame su da doki da sulke. Ba ƙasa, ba aure. Masanin tarihi Georges Duby ya yi rubutu sosai a kan waɗannan samari. Fada cike da gwauraye masu makami, mace mai daraja guda ɗaya a tsakiya, matar mai gida, wadda ita ma ba don so aka aurar da ita ba, don ƙasa ne. A ganin Duby, labarin da ke cewa ka yi mata hidima, ka yi haƙuri, ka yi wanka ka iya magana, ka jira, ubangida ne ya fi kowa cin ribarsa.

Amma in abin ya tashi daga waƙa ya zama zargi, ba wasa. William Marshal, wani barde na gaske a Ingila, ɗa ne na huɗu ga mahaifinsa, da gasa ya yi arziki. Tarihinsa da aka rubuta a waƙe bayan rasuwarsa a 1219 ya ce shi da abokinsa sun kama barade 103 cikin wata goma, suna karɓar fansa, kuma an taɓa zuwa ba shi kyautar gasa aka same shi a maƙera, kansa bisa uwar maƙera, maƙeri na ƙoƙarin cire masa kwalkwalin da ya lotse. A 1182 maƙiyansa suka yaɗa cewa yana neman Margaret, matar ubangidansa Henri ƙarami, ɗan Sarki Henri na 2. Ya zo fada a Caen lokacin Kirsimeti ya ce duk mai zargin ya fito su kara, ba wanda ya fito, amma duk da haka sai da ya bar fadar na wani lokaci. Bai yi aure ba sai 1189, ya haura arba'in, aka ba shi Isabel de Clare, yarinya 'yar wajen sha bakwai mai gadon ƙasashe a Ingila da Wales da Ailan.

Mai Karatun Dare ta rubuta:

Na gode muku duka. Baba, gasar ban kai ba, ka ɓata mini, amma na yafe. Anti, fassarar da ke hannuna ta haɗa labaran Chrétien biyar ne a littafi ɗaya, Erek da Enida ne na farko, ni ce na tsallake shi don sunan Lansilot na sani. Yau da daddare zan koma shafin farko. Tambaya ɗaya kafin nan: ya taɓa ba ta haƙuri kuwa a kan hana ta maganar, ko sai dai ya ce ya yafe mata?